Fadar Damagaram da Barikin Kan Dutse: Me Ake Nuna wa Maziyarci?

Ya zama al'ada ga malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, idan hali ya samu, su kwashi ɗalibai ko baƙi su kai su unguwar Birni, a garin da taswira ke kira Zinder amma bakin jama'a ke kira Damagaram, domin su gane wa idonsu fadar Sarki. Al'ada ce mai kyau, babu kuwa mai jayayya da ita, tun da Bahaushe ya riga ya ce gani ya kori ji. Sai dai gani ma iri-iri ne. Akwai wanda ake kai mutum a ce masa dubi nan, dubi can, ya fito da hoto a hannu da labari biyu ko uku masu tayar da tsikar jiki, alhali abin da ya kamata ya fahimta yana nan a bayansa bai waiwaya ba. Wannan sharhi ya shafi ziyarar ce ita kanta, wato yadda ake tsara ta, da abin da ake faɗa a cikinta, da abin da ake tsallakewa. Ra'ayina shi ne fadar Damagaram ba ta karantuwa ita kaɗai. Sai an haɗa ta da garun da ya kewaye Birni a da, da kuma barikin da Faransawa suka ɗora a kan dutse yana leƙen ta, sa'annan maganarta take fita sosai.

Bari mu fara da inda ziyarar ta dace, domin a ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Mai zuwa fada da ƙafa yakan ratso ta lungunan Birni masu ƙunci da karkacewa, inda manyan duwatsu suka kutso tsakanin gidaje, har wani lokaci dutsen ne ke zama bangon gida. Can sai lungu ya buɗe, mutum ya tsinci kansa a dandali, ga ƙofar fada a gabansa, ga dogarai cikin riguna ja da kore. Wannan buɗewa bayan ƙunci da gangan aka yi ta. Haka magabata suka saba tsara birane a ƙasar Hausa da Barno: a matse mutum a lungu, sa'annan a sake shi a fili inda zai ji ƙanƙantarsa. Da ya sa ƙafa a zauren farko sai hasken rana ya yanke, sanyi ya sauko masa, ido ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya saba da duhu ya fara rarrabe kaurin bango da jerin azara a sama. Daga zaure sai farfajiya, daga farfajiya sai wani zauren, an kuma karkatar da hanya yadda idon na waje ba zai zarce ciki ba. Kowane zaure rariya ne. Talaka mai ƙara yana da inda zai tsaya, mai sarauta yana da inda zai kai, bayan nan kuma akwai inda babu mai wucewa sai iyali da barorin cikin gida. Wanda ya lura da wannan ya karanci tsarin mulkin Damagaram da tafin ƙafarsa, tun kafin wani ya buɗe baki ya yi masa bayani.

Wani abin yabon kuma shi ne fadar tana da rai. Wanda ya je Abome a ƙasar Benin, inda fadojin sarakunan Dahomai suka shiga jerin kayan gadon duniya na hukumar UNESCO tun 1985, zai tarar da gidan ajiye kayan tarihi mai tsari, da karagu da sanduna a jere, kowanne da rubutunsa. A Damagaram kuwa gidan mutane ake shiga. Ana zaman fada, fadawa na faɗuwa suna gaisuwa, ana kawo rigimar gona da ta gado da ta aure a sasanta, ranar salla kuma a yi hawa, kakaki da algaita su cika dandali. Yaron da aka sa ya tuɓe takalmi ya rage murya ya koyi wani abu game da sarauta wanda allo da alli ba za su koya masa ba.

Matsala tana farawa ne idan aka zo bayani. Abin da maziyarci ya fi ji iri biyu ne. Na farko jerin sunayen sarakuna, wane ya gaji wane, wanda ke shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Na biyu labaran ban tsoro: ga ɗakin kunamu inda ake kulle mai taurin kai, ga ƙofar da idan aka fitar da mutum ta cikinta ba a sake ganinsa. Yara suna son wannan ƙwarai, su zare ido, su rirriƙe juna, manya ma haka. Ba ina cewa ƙarya ake yi musu ba. Baturen Ingila Jems Ricadsan, wanda ya sauka garin a watan Janairu na 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta abin da ya gani na hare-haren kamun bayi da kuma saurin zartar da hukuncin kisa, kuma ko an rage wa maganarsa gishiri saboda ƙyamar da ya zo da ita, abin da ya saura ya isa ya ɗaga hankali. Inda gizo ke saƙa shi ne, azaba idan aka ba da labarinta babu dalili, babu zamani, babu sunan wanda aka yi wa, sai ta koma tatsuniya, Sarki ya zama dodo, kurkuku ya zama kogonsa. Wannan kuwa shi ne ainihin hoton da 'yan mulkin mallaka suka zana wa sarakunanmu don su halatta wa kansu ƙwace ƙasa. Abin takaici ne a ce mu da kanmu muke sake zana shi ga 'ya'yanmu, muna zaton muna raya tarihi.

To me ya kamata a faɗa? Da farko dai sunan Damagaram kansa ba a Birni aka raɗa shi ba. A garin Damagaram Takaya, gabas maso arewa da Zinder, da ƙauyukan da ke kewaye da shi, zuriyar wani malami da ya fito daga Barno ta fara kafa sarauta a ƙarni na 18, ƙaramar sarauta mai kai gaisuwa ga sarakunan Barno. Sai a farkon ƙarni na 19, zamanin Sarki Sulaiman, gadon sarautar ya dawo Zinder. Wannan ne ya sa mai kunne zai ji sarautun Barebari irin su Ciroma da Kaigama a cikin fadar da harshenta Hausa ne. Kuma Damagaram ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Ɗalibin da ya zo daga Kano ko Zariya yana ɗauka cewa duk wata fadar Hausa reshe ce ta daular Usmaniyya, a nan ne ya kamata a warware masa. Ya kamata ma a gaya masa cewa a ƙarshen shekarun 1890, zamanin Sarkin Kano Alu, dawakin Damagaram sun kai har Gezawa.

Wanda ya mayar da wannan sarauta daula shi ne Tanimun ɗan Sulaiman, wanda bayan doguwar ja-in-ja da ɗan'uwansa Ibrahim ya riƙe mulki daga farkon shekarun 1850 har zuwa 1884. A zamaninsa fada ta ɗauki girman da ake ba da labari. Ya tara maƙera suna zuba masa igwa, ana haɗa albarushi a cikin gari, har masu tarihi suna ƙiyasta cewa ya mallaki igwa kimanin 40 da bindigogi kimanin 6,000. Ayarin raƙuma na tashi daga nan su bi ta Agadas da Gat su kai Tarabulus, ɗauke da fatu da gashin jimina da bayi, su dawo da tufafi da takarda da makamai. Bajamushen nan Hainrik Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso garin a watan Disamba na 1852, ya kuma ɗauke shi a matsayin mashigar ƙasashen Sudan ga mai fitowa daga hamada. Amma babban aikin Tanimun, wanda ya fi fadar kanta faɗin ko shi wane ne, shi ne garu.

Faransawan da suka tarar da garun a tsaye a 1899 sun kwatanta shi da tsayin da ya kai kimanin mita 10, da gindi mai kaurin da ya ɗara haka, da ƙofofi 7. Yau sai kufai jefi-jefi, wani wuri tudun ƙasa da awaki ke hawa, wani wuri an jingina masa bangon gida. Mulkin mallaka ya fara cin sa, damina da masu ɗibar ƙasa suka ci gaba. Da wuya ka ga an kai maziyarci wurin, domin a idon mai neman hoto babu abin kallo. A ganina nan ne ya fi cancanta a tsayar da yara a yi musu tambaya. Kowane tubali da ke cikin wannan garu hannu ne ya cuɗa shi ya mulmula. Kowane tulun ruwan da aka kwaɓa ƙasar da shi kai ne ya ɗauko shi, a garin da aka sani da wahalar ruwa tun kaka da kakanni. Hannun wa? Kan wa? Talakawan ƙauyuka da aka yi wa gayyar dole, da bayin da aka kamo a yaƙe-yaƙen da suka faɗaɗa daular zuwa Mirya da Muniyo da sauran ƙasashen maƙwabta. Jikokin waɗannan mutane suna cikin yaran da malami ya jero a dandali, ko da kuwa ba wanda zai ɗaga hannu. Tarihin da ya ambaci Tanimun ya manta da su ya ba yaran rabin gadonsu ne kawai.

A nan ma akwai labarin ban tsoro da ake bayarwa, cewa malamai sun ba Sarki shawara a bizne Alƙur'anai da 'yan mata budurwai a cikin garun don kada abokin gaba ya ci shi. Ana ba da makamancin wannan game da ganuwar birane da dama, a ƙasar Hausa da wajenta. Malami ba ya bukatar ya rantse a kansa, ba ya kuma bukatar ya yi masa dariya. Abin da labarin ke riƙe da shi a fili yake: jama'ar da ta gina garun ta tuna cewa ya ci mutane, sai ta adana wannan tunawa a cikin siffar da ba za ta ɓace ba. Idan aka warware shi haka, yaro ya koyi yadda ake sauraron labarin baka, wanda ya fi masa amfani a kan ya haddace shi.

Yanzu sai mai karatu ya fito daga fada ya ɗaga kai. A kan tudun duwatsun da ke kallon Birni akwai barikin da Faransawa suka gina bayan sun ci garin, suka sa masa sunan Kyaftin Kazamaju. Ba a saba haɗa shi da ziyarar fada ba, wataƙila don ya zauna a hannun soja har bayan samun mulkin kai a 1960, wataƙila kuma don ana ganin ba namu ba ne. Alhali kuwa gine-ginen nan biyu magana suke yi da juna, kuma wanda ya ji ɗaya bai ji ɗaya ba ya yanke hukunci da bakin mutum guda.

Ga yadda abin ya faru. A 1893 Rabe ya murƙushe Barno, uwar gijiyar Damagaram ta da, ya zauna a gabas yana barazana ga kowa. A shekarar ce kuma Amadu ɗan Tanimun, wanda ake wa laƙabi da Kuran Daga, ya hau gado. A 1898 sai ga wani hafsan Faransa, Kazamaju, da 'yan sojoji kaɗan, ya sauka Zinder a kan hanyarsa ta zuwa wajen Rabe. Duk wanda ya sa kansa a matsayin Sarki zai ga abin da ya gani: baƙo mai bindiga zai wuce ya ƙulla abota da maƙiyi mai bindiga, Damagaram a tsakiya. Ranar 5 ga Mayu na 1898 aka kashe Kazamaju da tafintansa. Ko shawarar ta yi daidai ko ba ta yi ba, abin muhawara ne, kuma muhawara ce mai kyau ga 'yan ajin sakandare. Abin da ba shi da kyau shi ne a ba da labarin kamar kisan gilla ne na sarkin da ba ya tunani.

Shekara ta zagayo sai ga rundunar da Bule da Shanuwan suka jagoranto daga yamma, wadda ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu na 1899, ta bar gawawwaki a rijiyoyi da rassan itatuwa a duk inda ta bi. Shugabannin biyu sojojinsu ne suka harbe su a watan Yuli a ƙasar Tasawa, amma rundunar ba ta watse ba. A ƙarshen watan, ƙarƙashin Laftana Paliye, ta haɗu da mayaƙan Damagaram a Tirmini, yamma da Zinder. Igwar Tanimun da bindigar ɗuri ba su yi wani tasiri a gaban bindigar da ke amai babu ƙaƙƙautawa ba. Sarki ya janye, aka bi sawunsa aka kashe shi a Rumji a watan Satumba. Ga abin da ya kamata kowane maziyarci ya tsaya ya yi tunani a kansa: garun nan da ya ci ƙarfin dubban mutane, ba a ko kewaye shi da yaƙi ba. An yi hukunci a fili, nesa da shi, Faransawa suka shigo gari ta ƙofa. Daga nan suka duba inda ya fi ko'ina tsayi suka kafa bariki. Fada tana ɓoye mai mulki a bayan zaure bakwai, talaka ya san yana ciki amma ba ya ganinsa. Bariki kuwa a sarari yake zaune a sama, yana ganin kowa har cikin tsakar gida, har cikin farfajiyar Sarki. Salon mulki biyu ke nan, kowanne an rubuta shi da gini, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu zai gane bambancinsu idan aka tsayar da shi inda zai hangi duka biyun.

Abin da ya biyo baya ya nuna wa ke sama. Faransawa suka naɗa Amadu ɗan Basa, sa'annan a 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru a ƙasar Sakkwato da na Kobkitanda a ƙasar Dosso, suka zarge shi da ƙulla makircin hallaka Turawan gari, suka tuɓe shi suka kai shi Kodibuwa. Suka ɗora Ballama, bawan fada, ya riƙe gari, don su nuna wa gidan sarauta iyakarsa. Sai a 1923 aka mayar da sarautar da naɗin Barma Mustafa. A tsakanin nan, daga 1911 zuwa 1926, Zinder ce hedkwatar ƙasar Nijar, kafin a ɗauke ta a kai Yamai, inda ruwa ke gudu kuma aka yi nisa da Kano da Ingilishi. Ikon da ke kan dutse ya yi ƙaura, amma bai sauka ƙasa ba. A 2001 gwamnati ta tuɓe Sarki Abubakar Sanda, wanda ya hau gado a 1978, a 2011 kuma aka mayar da shi. Na san irin wannan magana tana da nauyi a faɗe ta a cikin zauren Sarki, ba kuma na neman dogari ya faɗe ta. Aikin malami ne, a waje, kafin a shiga ko bayan an fito.

Unguwar Zango, wadda ta taso a wajen garu a matsayin masaukin fataken Abzin, ita ma ziyara takan bar ta a baya, ko kuwa a bi ta cikinta a mota ana nuna zanen bango ta taga. Can ne attajirai irin su Malam Yaro suka zauna, wanda ya yi hulɗa da Faransawa tun zuwansu, amma guguwar 1906 ba ta ƙyale shi ba. Dukiyar da ta sayi igwa ta nan ta shigo.

Saura magana a kan ginin kansa, kuma nan ne abin ya fi gaggawa. A farkon watan Satumba na 2024, cikin daminar da ta yi ɓarna a duk faɗin Nijar, tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Masallacin yana cikin abubuwan da aka dogara da su lokacin da Nijar ta sanya tsohon garin Zinder, wato Birni da fadarsa, a jerin share fage na UNESCO a 2006. Agadas ta tsallake daga wannan jeri ta shiga na gadon duniya a 2013. Zinder kuwa ta ga bikin 18 ga Disamba na 2018, da shirin Zinder Sabuwa da ya zo da shi, aka yi tituna da gine-ginen zamani, amma shekara shida bayan haka ɗaya daga cikin tsofaffin gine-ginenta ya kwanta. Ba ina ɗora wa wani mutum ɗaya laifi ba, ruwan da aka yi ya wuce misali. Sai dai ginin ƙasa ba rana ɗaya yake faɗuwa ba. Yakan daɗe yana magana da tsagewa, da indararon da ya toshe, da gindin bangon da ruwa ke kwanciya a kansa.

Ginin ƙasa kamar dabbar kiwo yake, kullum yana son hannu. Magabata sun san haka, shi ya sa suke da yaɓe bayan damina, suke da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, suke da laso da ake haɗawa da katsin marina don rufin soro ya ƙi ruwa, suke zaɓen azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba. Mu kuwa mun samu gajeriyar hanya, wato siminti da fenti. A shafe bangon ƙasa da siminti, ya yi sumul, a zuba masa launi, baƙo ya ɗauki hoto. Amma siminti ba ya numfashi tare da ƙasa. Danshi ya shiga ta sama ko ta gindi ya rasa mafita, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓalle da abin da ke bayansa. Duk wanda ya zaga Birni da Zango zai ga gidajen da wannan ciwo ya kama. Hatta zanen bango, wanda Damagaram ta yi suna da shi, yana da bambanci tsakanin wanda gwani ya tono ko ya tayar a jikin ɗanyen yaɓe, inuwa na wasa a cikinsa safe da yamma, da wanda aka shafa da buroshi a kan fili.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ziyarar shi ne, za a shiga fada a fito ba a ambaci magini ko sau ɗaya ba. A Zariya kowa ya san sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19, har masana gine-gine na duniya suna zuwa su auna bakan gizonsa. A nan Nijar ma, Falke Barmu na garin Yama a ƙasar Tawa ya fara gina masallacinsu da ƙasa a 1962, aikin da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa yaɓen babban masallaci biki ne na shekara-shekara, gari duka ke fitowa, yara na ɗaukar laka, magina na sama suna shafawa, ta haka sana'ar ke wucewa daga hannu zuwa hannu. Damagaram tana da maginanta, tana da gidajen da suka gaji sana'ar. Me zai hana ƙungiyar da ta shirya ziyara ta nemi dattijo guda daga cikinsu, ta biya shi haƙƙinsa, ya tsaya a zaure ya nuna wa yara yadda ake ɗaurin guga, da dalilin da ya sa bango ke da faɗi a gindi yana tsukewa a sama, da amfanin zanko a kusurwar soro? Rabin sa'a tare da shi ya fi ɗakin kunamu goma.

Ba za a ce babu abin karantawa ba. Andire Salifu, ɗan garin, wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa, ya wallafa littafinsa a kan Damagaram ta ƙarni na 19 tun 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun. Mahaman Bakabe ya yi fim a farkon shekarun 1980 a kan al'amarin 1906. Waƙoƙin marigayi Ma'azu ɗan Alalo, makaɗin fada, cike suke da sunayen mutane da wurare da ke jiran mai fashin baƙi. Cikas ɗin shi ne, mafi yawan abin da aka rubuta da Faransanci yake, ko da Ingilishi, alhali wanda ke tsaye a ƙofar fada yana yi wa baƙi bayani da Hausa yake tunani, yaran da ke saurarensa ma haka. Ɗan littafi mai shafi talatin ko arba'in da Hausa, a boko da ajami, mai ɗauke da taswirar garu da ƙofofinsa da shekarun da muka ambata, bai fi ƙarfin ƙungiyoyin da ke karanta wannan mujalla ba. Ana buga kalanda da hotunan shugabannin ƙungiya da kuɗin da ya fi haka.

Kafin a samu littafin, malami na iya sauya tsarin tafiyar da kansa, ba tare da neman izinin kowa ba. Ya fara da kufan garu da sassafe, a taɓa ƙasar da hannu, a yi maganar waɗanda suka ɗauko ta. Daga nan a bi lungu da ƙafa zuwa dandali, a tsaya inda masallacin ya faɗi a 2024, sa'annan a shiga fada da ladabin da ya kamata, a saurari dogari har ya gama, kunamu da duka. In an fito a nemi wurin da ake hangen bariki, a ba da labarin Tirmini da na 1906, a bar yara su yi gardama a kan shawarar Kuran Daga. Idan akwai sauran ƙarfi a ƙarasa Zango. Ƙungiyar da ke da mota kuwa ta ware yini guda ta je Damagaram Takaya ta gaida dattawan can, da na'urar ɗaukar murya a hannu.